IYAYE DA LOKACIN JARRABAWA

Kowace shekara, daga watan Afrilu zuwa Yuli, gidaje masu yawa a ƙasarmu sukan shiga wani hali na musamman. Shi ne lokacin da ɗaliban ajin ƙarshe na babbar sakandare suke fuskantar jarrabawa bi da bi: ta JAMB, ta WAEC, sa'an nan ta NECO. Aikin shekara shida ne ake aunawa cikin 'yan makonni, a kan yaro mai shekara 16 ko 17 wanda bai taɓa ɗaukar kaya mai nauyin wannan ba. Malamai sun yi nasu a aji. Ɗalibi shi ne zai riƙe biro. Amma akwai kashi na uku na aikin, wanda yake hannun iyaye da masu riƙo, kuma shi ne aka fi mantawa da shi.

Waɗansu iyaye sukan ce, "Na biya kuɗin makaranta, na biya na jarrabawa, me kuma ya rage?" Waɗansu kuwa su ce, "Ni ban yi boko ba, me zan iya yi masa?" Duka biyu suna rage wa kansu daraja ne. Yawancin abin da yaro yake bukata a wannan lokaci ba ya neman takardar shaida daga wurin mai bayarwa. Bari mu duba abubuwan nan ɗaya bayan ɗaya.

1. Mu San Abin da Yake Gaban Yaro

Da wuya mutum ya taimaki wani a kan tafiyar da shi kansa bai san hanyarta ba. Saboda haka ya kamata kowane uba da kowace uwa su san jarrabawoyin nan da bambancinsu.

Hukumar WAEC ita ce babba a shekaru. An kafa ta a 1952, tana kuwa aiki a ƙasashe biyar: Nijeriya, Gana, Saliyo, Gambiya da Laberiya. Jarrabawarta ta 'yan makaranta takan fara wajen ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, ta kai watan Yuni. Hukumar NECO ta Nijeriya ce kaɗai. An kafa ta a 1999, hedkwatarta tana Minna, ta kuma gudanar da jarrabawar kammala sakandare ta farko a shekara ta 2000. Tata takan biyo bayan ta WAEC, a Yuni da Yuli. Akwai kuma NABTEB, wadda aka kafa a 1992 domin fannonin sana'a da kasuwanci.

Ɗalibi yakan rubuta darussa takwas ko tara. Sakamakon kowane darasi yakan fito da maki daga A1 zuwa F9. Daga A1 zuwa C6 shi ake kira kiredit. D7 da E8 tsallakewa ne kawai, F9 kuwa faɗuwa. Abin da jami'o'i suke nema shi ne kiredit biyar a darussan da suka dace da fannin da yaro yake so, har da Turanci, da kuma Lissafi ga yawancin fannoni. Galibi ana yarda a haɗa sakamakon zama biyu, misali na WAEC da na NECO, amma waɗansu makarantu sukan nemi zama ɗaya a fannoni irin su likitanci.

JAMB dabam take. An kafa hukumar a 1978 domin tsara shiga manyan makarantu, kuma tun 2015 da kwamfuta ake yin jarrabawarta gaba ɗaya. Darussa huɗu ne, Turanci dole, tambayoyi 180 cikin awa biyu, jimlar maki 400. Duk wanda ya yi lissafi zai ga cewa kowace tambaya tana da daƙiƙa 40 ne kacal. Yaron da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba sai a ranar jarrabawa zai ɓata lokaci mai tsada wajen neman inda zai danna. WAEC ma ta fara amfani da kwamfuta ga ɗalibai masu zaman kansu a 2024. Don haka kuɗin da aka kashe yaro ya je ya saba da kwamfuta na 'yan kwanaki ba asara ba ne.

2. Rajista da Kuɗi

Matsaloli da yawa da suke sa iyaye kuka a watan Agusta tun a lokacin rajista aka shuka su. Ga abubuwa uku da za a lura da su.

Na fari, suna da ranar haihuwa. Tun 2021 JAMB take neman lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, kafin a yi rajista. Dole sunan da yake kan NIN ya zama daidai da wanda yake a WAEC da NECO da JAMB, harafi da harafi, da jerinsa. Idan an rubuta sunan yaro iri ɗaya a nan, wani iri a can, ko aka sa sunan kaka a madadin na uba, gyaran yakan ci kuɗi da watanni, har ya iya hana shi shiga jami'a a wannan shekara. Iyaye su ne suka san ainihin ranar haihuwar ɗansu. Su duba takardar da idonsu, ko su sa a karanta musu, kafin a aika.

Na biyu, zaɓen darussa. Mai son likitanci yana bukatar Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji a JAMB. Mai son injiniya yana bukatar Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Mai son aikin lauya yana bukatar Adabin Turanci. Idan aka haɗa darussan ba daidai ba, kome yawan makin yaro ba za a ɗauke shi a fannin ba. A nan ya kamata iyaye su zauna da malamin ba da shawara. Su kuma saurari yaron. Ba kowane ɗa ne aka halitta domin likitanci ba, kuma tilasta wa yaro fannin da kansa ba ya ɗauka kamar ɗaura wa tunkiya garmar shanu ne.

Na uku, kuɗi. Jarrabawar nan ba baƙuwa ba ce. Tun ranar da yaro ya shiga aji huɗu an san tana zuwa. Manomi ya ware buhunta tun da kaka, ma'aikaci ya riƙa ajiye kaɗan kaɗan ko ya shiga adashi. Kada a jira sai ranar da za a rufe rajista, yaro yana ganin ana tashin hankali a gida saboda shi. A karɓi rasit a kan kowane biya. Dangi da 'yan'uwa a ikilisiya su kuma tuna da marayu da 'ya'yan gwauraye, gama akwai yara masu ƙwazo da suke zama a gida saboda kuɗin rajista kaɗai.

3. Lokaci da Wurin Karatu

A ƙasarmu lokacin jarrabawa yakan haɗu da faɗuwar damina. Sa'ad da WAEC take kan ganiyarta, a lokacin ne ake sharar gona, da shuka, da noman fari. Hannun saurayi mai shekara 17 ba ƙaramin abu ba ne a gona, kuma ba wanda zai zargi uban da yake so ya ga ɗansa a bayansa da fartanya. Amma mu auna. Gona tana dawowa kowace shekara da kuɗin ƙwadago ko da gayya. Takardar Kemistiri kuwa rana ɗaya ce, in ta wuce sai wata shekara da sabon kuɗi. Yaron da ya wuni yana huɗa ba zai iya riƙe kome a kai da dare ba.

'Yan mata sun fi shan wannan wahala. Yarinya ta dawo daga makaranta, ta ɗebo ruwa, ta yi niƙa, ta dafa tuwo, ta wanke kwanuka, ta yi wa ƙannenta wanka, wata ma har da talla, alhali ɗan'uwanta yana zaune da littafi. Takarda iri ɗaya za a ba su a zauren jarrabawa. Ba a ce a ɗauke musu aiki ɗungum ba, gama ɗan aiki kaɗan yana wartsake jiki. Amma a raba aikin gida ga sauran yara na tsawon makonnin nan, a kuma faɗa wa kowa dalili. Haka nan shugabannin ƙungiyar mawaƙa da ta matasa su ba 'yan ajin ƙarshe izini su rage zuwa koyon waƙa da tarurrukan tsakiyar mako har su gama.

Wurin karatu ba ya bukatar ado. Teburi, kujera, haske mai kyau da shiru sun isa. Tun da ba a dogara da wutar lantarki, fitila mai caji ko ta sola tana cikin kayan jarrabawa. A rage ƙarar rediyo da talabijin na awa biyu ko uku da yamma. Game da waya kuwa, ta fi kowane baƙo cin lokacin yaro. Maimakon ƙwace da faɗa, ya fi kyau a yi yarjejeniya: a ajiye ta a wurin Mama lokacin karatu da lokacin barci, a karɓa a sa'ar da aka shirya.

4. Yadda Kai Yake Riƙe Karatu

Iyaye da yawa sukan ji daɗi in sun ga yaro ya daɗe a gaban littafi. Amma daɗewa da littafi dabam, shigar karatu dabam. Masana sun daɗe suna binciken wannan al'amari, abin da suka gano kuwa yana da amfani ga kowane gida.

A 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi a kan mantuwa. Ya nuna cewa mutum ya fi saurin manta sabon abu a cikin sa'o'in farko bayan ya koya, daga nan sai mantuwar ta riƙa tafiya a hankali. Ya kuma ga cewa maimaitawa da aka rarraba a kan kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya. Manomi ya san wannan: ruwan da ya sauko kaɗan kaɗan yana ratsa ƙasa, wanda ya zubo gaba ɗaya kuwa kwarara yake yi ya tafi rafi. Awa ɗaya ta Lissafi kowace rana har mako guda ta fi awa bakwai a daren jarrabawa.

A 2006 kuma waɗansu masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, suka gwada ɗalibai da gajeren rubutu. Waɗansu suka yi ta maimaita karanta shi, waɗansu kuwa aka sa su rufe takarda su rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne suka yi gaba. Amma bayan mako ɗaya, waɗanda suka gwada kansu ne suka fi tunawa. Dalilin shi ne, idan ido ya saba da shafi sai mutum ya ɗauka ya iya, alhali sabo ne kawai. A zauren jarrabawa ba shafin da zai gani. Abin da ya saba fitarwa daga kansa shi zai fito.

To, ga inda uwa ko uban da bai yi boko ba zai yi aiki babba. Ka ce wa ɗanka, "Rufe littafin, ka faɗa mini da Hausa abin da ka karanta yau." Yaron da ya iya bayyana wa mahaifiyarsa yadda jini yake zagaya jiki, ko dalilin da ya sa ake canja shuka a gona, ya fahimta ke nan. In ya tsaya yana 'yan kame-kame, shi da kansa zai gane inda ramin yake. Sa'an nan a saya masa littafin tambayoyin shekarun baya, a sa masa agogo, ya amsa cikin lokacin da aka ƙayyade kamar a zaure. Ƙaninsa ma zai iya riƙe agogon. A kuma lura kada ya riƙa fakewa a darasin da yake so yana gudun wanda yake ba shi wuya, gama A1 a darasi ɗaya ba ta rufe F9 a Turanci.

5. Barci, Abinci da Lafiya

Akwai wata al'ada tsakanin ɗalibai ta kwana karatu, waɗansu har da sa ƙafa cikin bokitin ruwa don kada su yi gyangyaɗi. Iyaye kuwa sukan yaba, su ce yaro yana ƙoƙari. Likitocin barci na Amurka sun ba da shawara a 2016 cewa masu shekara 13 zuwa 18 suna bukatar barcin awa 8 zuwa 10 a kowace rana. A cikin barci ne ƙwaƙwalwa take jera abin da aka koya da rana ta adana shi. Wanda ya hana kansa barci don karatu kamar mai tara hatsi ne a rumbun da ba a yi masa jinka ba. Ya fi kyau yaro ya kwanta da wuri ya tashi da asuba, lokacin da gari yake da sanyi kuma gida shiru.

Goro, kofi da lemunan ƙara kuzari duk suna ɗauke da sinadarin kafin. Bayan kimanin awa biyar da sha, rabinsa yana nan a jiki, don haka abin da aka sha da magariba yana iya hana barci har tsakar dare, ya kuma kawo bugun zuciya da rawar hannu. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne ƙwayoyi irin su taramol da maganin tari mai kodin, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafa shi da shigo da shi a 2018. Wani yaro ba don shashanci yake farawa ba. Aboki ne zai ce masa abin yana buɗe kai. Ba ƙwayar da take sa karatu a kan mutum. Iyaye su yi wa 'ya'yansu wannan magana a fili tun kafin wani ya riga su.

Game da abinci, ba a bukatar wani abu na musamman. Abin da aka saba ci ya isa, muddin yana zuwa a kan lokaci. Kada yaro ya shiga zaure da yunwa: koko da ƙosai, ko kunu, ko shayi da burodi da ƙwai sun wadatar. Kada kuma a cika masa ciki da tuwo mai nauyi ko a ba shi baƙon abinci da safen jarrabawa. Afrilu da Mayu watanni ne na zafi, sai a ba shi gorar ruwa mai tsabta.

Da ruwa ya sauka kuwa sauro ya zo. Yaro ya kwana cikin gidan sauro, a gida ko a makaranta. In zazzaɓi ya kama shi, a kai shi asibiti a gwada jini a ranar, kada a ce bari a ga gobe. Zazzaɓi tare da ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya alamar sanƙarau ce, ba ta jiran wayewar gari. Yaron da yake matse ido kafin ya ga allo a kai shi a duba idonsa tun da wuri. Iyaye mata kuma su tanadar wa 'yan mata audugar al'ada da maganin ciwon mara, gama jadawalin jarrabawa bai san kwanakin wata ba.

6. Tsoro da Bakin Iyaye

Ɗan tsoro kaɗan yana da amfani, shi ne yake ta da ɗalibi daga gado. Amma in ya yi yawa yakan kulle kai, har yaro ya ga tambayar da ya sani ya kasa tuna kome. Yawancin wannan tsoro ba na takarda ba ne. Tsoron fuskar Baba ne, da hawayen Mama, da bakin maƙwabta.

Saboda haka mu lura da harshenmu. Maganganu irin su "Dubi ɗan wane," ko "Ka san nawa na kashe a kanka?" ko "In ka faɗi kada ka dawo mini gida," ba su taɓa ƙara wa yaro maki ɗaya ba. Yaron ya riga ya san an sayar da akuya saboda shi. Abin yana ransa dare da rana. Abin da bai tabbata ba shi ne ko zai ci gaba da zama ɗa a gidan in sakamako bai yi kyau ba. Wannan ne ya kamata ya ji daga bakin mahaifinsa: "Ka yi iyakar ƙoƙarinka. Kome ya fito, kai ɗana ne, za mu san abin yi tare." Masu iya magana sun ce yabon gwani ya zama dole, mu ma mu yaba wa ƙoƙarin da muka gani, ko da kaɗan ne.

Matashi a wannan lokaci yakan yi saurin fushi ko ya yi shiru. Ba kullum ne rashin kunya ba. A bar waɗansu ƙananan laifofi su wuce. In akwai gardama tsakanin miji da mata, ko wani labari mai tayar da hankali wanda zai iya jira, a jinkirta shi. Ga waɗanda 'ya'yansu suke makarantar kwana, ranar ziyara ta zangon ƙarshe ta fi kowace muhimmanci. Ko ba a da abin kawowa sai ƙuli-ƙuli da gari, a zo. Yaron da ya tsaya bakin ƙofa har yamma bai ga kowa ba yakan koma ɗaki da nauyin da ya fi na littattafansa. A zauna da shi, a saurare shi, a yi masa addu'a yana ji.

Akwai kuma alamun da ba a wasa da su: ƙin cin abinci na kwanaki, rashin barci, yawan kuka, janyewa daga abokai, ko maganar cewa gara mutuwa. In an ji irin wannan, kada a yi tsawa, kada kuma a ce wasa ne. Kada a bar yaron shi kaɗai, a kawar da maganin feshi da sauran guba daga inda hannunsa zai kai, a sanar da makaranta, a kai shi wurin likita.

7. Satar Amsa

Wannan cuta ta daɗe a ƙasarmu. A 1977 tambayoyin WAEC suka fita kafin lokaci har gwamnati ta kafa kwamitin bincike. A 1984 gwamnatin soja ta yi dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 21 a kan maguɗin jarrabawa. Dokar 1999 ta sassauta wannan, amma ta bar tara mai nauyi da ɗaurin shekaru ga ɗalibi, da malami, da mai tsaron jarrabawa, da duk wanda ya taimaka. Hukumomin jarrabawa kuma suna da ikon riƙe sakamako, ko soke shi, ko janye amincewarsu daga makaranta ɗungum.

Abin baƙin ciki shi ne, yaro ba shi da kuɗin sayen amsa. In an cire ɗalibi daga makarantarsa a ajin ƙarshe an kai shi wata cibiya a ƙauye inda ake rubuta amsa a allo, babba ne ya biya. In an ba da abin da ake kira kuɗin haɗin kai, daga aljihun babba ya fito. Uban da ya yi haka ya koya wa ɗansa darussa biyu a rana ɗaya: cewa bai yarda da kansa ba, da kuma cewa gaskiya tana da farashi. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Kiredit tara na saye ba sa amsa tambayar JAMB a gaban kwamfuta, ba sa kuma zama a aji ɗaya na jami'a a madadin mai su. Mu tambayi kanmu: wa zai yarda a yi masa allura da hannun wanda aka saya wa Bayoloji? A kuma gargaɗi yara game da masu sayar da amsoshi ta waya, da masu cewa za su ƙara maki bayan an gama. Kuɗi kawai suke ci. C6 na gumin yaro ya fi masa A1 na aro.

8. Ranar Jarrabawa

A manna jadawali a bango inda kowa zai gani, a riƙa duba rana da sa'a, gama akwai waɗanda suka rasa takarda don sun ɗauka da yamma ce alhali da safe ce. Tun da dare a haɗa katin shaida, biro biyu ko uku, fensir, abin gogewa, rula da kalkuleta irin wadda aka yarda da ita. Ba a shiga da waya ko a kashe take. A ba da kuɗin mota da ɗan ƙari, a fita da wuri saboda ruwan sama. Cibiyar JAMB takan kasance a wani gari. A je a gano wurin kwana ɗaya kafin ranar, babba kuma ya raka yaron, musamman yarinya. In ya dawo, a fara ba shi abinci kafin tambaya. Takardar da ta wuce ta wuce, a taimake shi ya fuskanci ta gobe.

9. Bayan Sakamako Ya Fito

In ya yi kyau, a yi murna, a gode wa Allah, a kuma gode wa malamai. In bai yi kyau ba, a haɗiye maganar farko da ta zo baki. A bincika tukuna, gama kuskure yana faruwa: a watan Mayu 2025 hukumar JAMB ta amince cewa tangarɗar na'ura ta shafi ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin kudu maso gabas, ta kuma sake musu jarrabawar. In kuwa sakamakon na gaskiya ne, ƙofofi ba su rufe ba. WAEC da NECO suna da jarrabawar masu zaman kansu, wadda mutane suka saba kira GCE, inda yaro zai gyara darasin da ya rasa. Akwai kwalejojin ilimi, da na kimiyya da fasaha, da makarantun koyon aikin jinya da na aikin gona, da sana'o'in hannu masu ci da gida. Kada a bar yaro ya zauna haka kawai shekara guda, kada kuma a ce tun da yarinya ta faɗi sai a yi mata aure. Faɗuwa ɗaya ba ta nuna iyakar mutum.

Kammalawa

Ya ku iyaye, makonnin jarrabawa kaɗan ne, amma yaro yakan daɗe yana tuna yadda aka riƙe shi a cikinsu. Zai manta tambayar da aka yi masa a Labarin Ƙasa, ba zai manta wanda ya cika masa fitila da caji ba, ko wadda ta tashi da asuba ta dama masa koko. Ku kuma ɗalibai, ku lura da wahalar da ake sha dominku, ku faɗa wa iyayenku abin da kuke bukata cikin ladabi, ku yi aikinku da gaskiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In gida da makaranta da ɗalibi suka kama tare, kayan zai tashi.

Allah ya ba 'yan ajin ƙarshe nasara, ya kuma sāka wa iyayenmu da alheri.